Daga allon zayyana zuwa farar riga: adon kammala karatu a Zariya

A duk lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru suka ajiye alƙalamin jarrabawarsu ta ƙarshe, akan ga harabar makarantar ta cika da samari da 'yan mata sanye da fararen riguna, suna rubuce-rubuce a jikin tufafin juna.

Kafin la'asar ta yi sanyi, rigar da aka sayo fara fat ta koma tamkar allo. Wani ya rubuta addu'a, wani ya sa hannu, wani kuma ya bar barkwancin da sai 'yan aji ɗaya ne kaɗai za su gane shi.

Wannan al'ada da ɗalibai ke kira sayin-awut, ko kuma ranar maka a bakin 'yan sakandare, ta zama abin muhawara a Nijeriya, musamman bayan da wasu gwamnatocin jihohi suka haramta ta a shekara ta 2025.

To sai dai yi wa ɗalibi ado domin ya kai ƙarshen karatu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zazzau. Tun kafin a kafa jami'a, tun ma kafin zuwan Turawa, akwai abin da ɗalibi kan riƙa a hannu ranar da ya kammala, ya zaga da shi gari, jama'a su gani su sa albarka.

Garin karatu

Zariya dai ta daɗe da yin suna wajen ilimi. A cikin birni akwai tsofaffin zaurukan malamai, inda almajirai daga sassa daban-daban na ƙasar Hausa kan zo neman ilimin fiƙihu da nahawu da lugga.

A wajen ganuwa kuwa, Sabon Gari ya bunƙasa ne bayan isowar jirgin ƙasa a farkon shekarun 1910, inda ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudanci da sauran sassan ƙasar suka zauna. Samaru kuma, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari, ta fara ne a matsayin tashar binciken aikin gona a shekarun 1920, kafin a buɗe jami'ar a ranar 4 ga watan Oktoba na 1962, da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a matsayin ubanta na farko.

Saboda haka a cikin tazarar 'yan kilomitoci, ana samun tsangaya da makarantar Islamiyya da sakandare da jami'a, kuma kowacce da irin yadda take sallamar ɗalibinta. Sau da yawa ma yaro ɗaya ne kan bi ta dukansu.

Allon zayyana

Mafi daɗewa a cikin waɗannan al'adu ita ce ta saukar Alƙur'ani, kuma alamarta ita ce allon zayyana.

A tsarin makarantar allo, yaro kan fara ne da Fatiha, daga nan ya koma ƙarshen littafi, ya kama daga gajerun surori yana haurawa, har ya cika izu sittin. Don haka abin da ke farkon Alƙur'ani, wato farkon suratul Baƙara, shi ne ƙarshen abin da zai karanta. Wannan ne ya sa Fatiha da ayoyin farko na Baƙara su ne ake rubutawa a allon sauka.

Ba ɗalibin ne ke yin wannan allo da kansa ba. Iyaye ko malaminsa ne kan kai aikin wurin mai zayyana, wanda galibi shi ma alaramma ne ko gardin da ya ƙware a rubutu. Akan zaɓi allo mai kyau, mai faɗi, wanda ba a taɓa wankewa ba. Mai zayyana sai ya fitar da gurbin rubutu, ya kewaye shi da zane-zane na murabba'i da da'ira da saƙaƙƙun layuka, da launin ja da rawaya da kore, a kan baƙar tawadar da aka saba haɗawa da gawayi da ƙaro.

Irin wannan zane shi ne ake gani a Alƙur'anin da aka rubuta da hannu, inda ake sa alama a wurin sumuni da rubu'i da nusufi da izu, da kuma wuraren sujada. Wanda ya lura zai ga yana da dangantaka da aikin allura na wuyan babbar riga, da kuma adon bango na tsofaffin gidajen birnin Zazzau, garin da Babban Gwani ya gina shahararren masallacin Juma'arsa a ƙarni na 19. Hannu ne daban-daban, amma ido ɗaya ne.

Ranar sauka akan tara malamai da dangi da maƙwabta. Mai sauka ya sha babbar riga, wani lokaci har da rawani da alkyabba, ya zauna a gaban malaminsa. Malam ya biya masa abin da ke kan allon, shi kuma ya maimaita, a yi addu'a, a raba sadaka. Gidan da ke da hali kan yanka rago ko sa, wanda ba shi da shi kuma a yi waina ko gumba a raba.

Bayan nan ne ɗalibin kan ɗauki allonsa, tare da rakiyar abokai, ya bi gidajen 'yan uwa da abokan arziki. A kowane gida ya karanta, a ba shi abin da ya sauwaƙa. A da wannan zagaye kan ɗauki kwanaki, kuma abin da aka tara yakan taimaka wajen sallamar malam.

Allon ba a sake wanke shi. Akan rataye shi a ɗaki, ya zama shaida a zamanin da babu takardar shaida. A wasu gidaje har yanzu ana samun allon kaka a rataye, launinsa ya kwanta amma rubutun na nan.

Masana daga wajen ƙasar Hausa ma sun mai da hankali a kansa. Masanin tarihin fasaha ɗan ƙasar Sudan, Salah Hassan, ya wallafa littafi a 1992 a kan fasaha da rubutun Musulunci a tsakanin Hausawa, kuma ana samun irin waɗannan alluna a gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka.

Walimar Islamiyya

Yaɗuwar makarantun Islamiyya a rabi na biyu na ƙarni na 20 ta sauya fasalin sauka. Maimakon yaro ɗaya a zauren gidansu, sai ya zama aji guda ne ke sauka rana ɗaya, a filin makaranta ko ɗakin taro, da rumfuna da lasifika da babban baƙo mai jawabi. 'Yan mata da matan aure kuma, waɗanda a da saukarsu ba ta cika fitowa fili ba, a yau sukan fi maza yawa a irin waɗannan taruka.

Allon bai ɓace ba, amma ya sauya kama. Da yawa daga cikin allunan da ake rabawa yanzu, bugun inji ne aka manna a kan katako, ko aka sa cikin gilashi, wani lokaci har da sunan ɗalibi da na makaranta. Ya fi araha, ya fi sauri, kuma ana iya yin ɗari a mako guda. Mai zayyana da hannu ba zai iya wannan tsere ba, kuma shi ne ya fi kowa asara a wannan sauyi.

Abin da ya ƙaru a gefe shi ne anko. Makaranta ta fitar da yadin ɗalibai, gida ya fitar da na dangi, a buga kalanda da ƙananan littattafan rubutu masu hoton mai sauka, a yi abincin rabo. A irin wannan lokaci teloli da masu sayar da yadi da masu ɗab'i na kasuwar Sabon Gari ba su da hutu.

Rigar yaye

Ita kuwa doguwar rigar da ake sawa ranar bikin yaye ɗalibai a jami'a, da hularta mai faɗin kai da jela, gado ne daga jami'o'in Turai na tsakiyar zamani, ta hannun Ingila. Mayafin da ke rataye a baya shi ke nuna irin digirin da mutum ya samu.

A Samaru ana yin wannan biki ne a dandalin Mamman Kontagora. Rigar ba mallakar ɗalibi ba ce a mafi yawan lokuta, haya yake yi ya mayar. Ranar bikin motocin dangi kan cika hanya tun daga babbar ƙofa, a shimfiɗa tabarmi a gindin itatuwa, a buɗe kuloli, masu ɗaukar hoto na bin jama'a.

Amma wannan biki na hukuma ne, kuma ba lallai ya zo a kan kari ba. A jami'o'in gwamnati na Nijeriya an sha haɗa ɗaliban shekaru biyu ko fiye a yaye su lokaci guda, kuma yajin aikin malamai, irin na 2020 da ya ɗauki watanni tara da na 2022 da ya ɗauki takwas, ya sha dagula jadawalin karatu. Sau da yawa kafin ranar ta zo, ɗalibi ya riga ya tafi hidimar ƙasa a wata jiha mai nisa, wani ma ya gama.

Wannan na daga cikin dalilan da suka ba farar riga ƙarfi. Ranar jarrabawar ƙarshe ita ce kaɗai ranar da ɗalibai ke da tabbacin cewa duk 'yan aji suna wuri ɗaya.

Farar riga

Tsarin abin ba shi da wuya. Ɗalibi ya sayi farar riga mai arha a kasuwar Samaru ko wurin masu talla a bakin ƙofa, ya sa ta a kan tufafinsa ko ya riƙo ta a jaka. Da an fito daga jarrabawa sai a hau rubutu. Wasu sassan karatu kan buga tasu rigar da sunan sashe da shekarar kammalawa. Ɗalibai mata Musulmi da dama kan ɗora rigar a kan doguwar riga ko hijabi, wasu kuma su zo da farin ƙyalle daban, a yi rubutun a kansa, domin kauce wa hannun maza.

A 'yan shekarun nan an yi wa abin ƙari. Akwai ɗamarar da ake ratayawa daga kafaɗa zuwa ƙugu, ɗauke da suna da digiri ko wani kirari. Akwai furannin roba da kek da balan-balan, akwai hayar mota da mai ɗaukar bidiyo. Kafin ranar ma akan yi mako guda na shagulgula, kowace rana da irin shigarta, har da ranar tufafin gargajiya. Shafuka irin su Instagram da TikTok sun sa abin da a da bai wuce idon 'yan aji ba, yanzu duniya ce ke kallo, kuma kowane aji na son ya zarce na bara.

Daga jami'o'i ne al'adar ta gangara zuwa sakandare, inda ɗalibai kan yi nasu bayan takardar ƙarshe ta jarrabawar WAEC ko NECO. A nan ne kuma aka fi samun ƙorafi, domin yara ne ƙanana, kuma bikin kan fita daga harabar makaranta ya hau titi.

Makamancin haka a Amurka

Ba a Nijeriya kaɗai ba ne ƙaramin abin tunawa na 'yan makaranta ke girma har ya fi ƙarfin mai shi. Misali mafi shahara yana kudancin Amurka, musamman jihar Teksas, da wasu sassa na Okilahoma da Luwiziyana.

A can makarantu na da bikin shekara-shekara na dawowar tsofaffin ɗalibai, wanda ake yi a watan Satumba ko Oktoba, a haɗa shi da wasan ƙwallon zari-ruga irin na Amurka da liyafar dare. Jami'o'i da dama na iƙirarin su suka fara shi, ciki har da Jami'ar Baylor da ke Teksas, wadda ta yi nata a 1909, da Jami'ar Misuri a 1911.

A farko saurayi kan ba yarinyar da zai raka bikin fure guda ɗaya na kirisantimam, wanda ke toho a wannan lokaci na shekara, ta maƙala a ƙirji da 'yan zirin ƙyalle masu launin makaranta. Daga sunan furen ne aka gutsuro kalmar mam, wadda ake kiran adon da ita.

Daga wajen shekarun 1970 sai aka koma furen roba ko na siliki, wanda ba ya yaushi, kuma yana iya ɗaukar kaya. Nan fa aka shiga ƙari: zirin ƙyalle har ƙasa, ƙararrawa, 'yar tsana, gashin tsuntsu, sunan ɗaliba da na ajinta, daga baya har da ƙananan fitilu masu batir. Saboda nauyi, da yawa ba a iya maƙala su a riga, sai dai a rataya a wuya. 'Yan ajin ƙarshe kan sa fari da ruwan azurfa ko na zinariya, samari kuma su ɗaura ƙarami a damtse. Manya daga ciki kan kai ɗaruruwan daloli, kuma akwai mata da dama da haɗa su ya zama musu sana'a.

Muhawarar da ake yi a can ba ta da nisa da ta nan. Wasu na ganin alama ce ta ƙaunar makaranta da abin tunawa da za a rataye a ɗaki, wasu kuma na ganin gasar nuna arziki ce da ke sa 'ya'yan marasa hali jin kunya. Bambancin da ke akwai shi ne, na Teksas ba ya jiran a kammala karatu, kowace shekara ake yi.

Kuɗi da doka

Masu sukar farar riga a arewacin Nijeriya sun fi kafa hujja da tarbiyya. Malamai da iyaye na kokawa da cakuɗuwar maza da mata, da rubutu a jikin 'yan mata, da kalaman batsa, da tseren motoci da babura a titi. A cikin jami'a kanta, ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi kan shirya walima ta daban ga 'yan ajin ƙarshe, da wa'azi da addu'a.

A watan Yulin 2025 gwamnatin jihar Sakkwato ta haramta bikin a makarantun sakandare na gwamnati da masu zaman kansu, haka ma jihar Yobe. A watan Agusta na shekarar, Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka ta hana ɗalibanta, yayin da jihar Imo ta hana bikin yaye 'yan makarantar rainon yara da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, tana mai cewa nauyin ya yi wa iyaye yawa.

Akwai kuma wani ɓangare da doka ta riga ta yi magana a kansa. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta liƙi da tattaka naira da sauran hanyoyin wulaƙanta ta, da hukuncin ɗaurin aƙalla watanni shida, ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. A watan Fabrairun 2023 bankin ya bayyana cewa naɗe takardun kuɗi a yi su kamar damin fure, kyautar da ta zama ruwan dare a bukukuwan kammala karatu, shi ma yana cikin laifin.

Masu kare al'adar na cewa wanda ya kwashe shekaru shida a karatun shekaru huɗu, ya sha yajin aiki da cunkoson ɗakin kwana da ƙarin kuɗin makaranta, bai kamata a hana shi murnar yini ɗaya ba. Hujja ce mai ƙarfi. Kuma idan ana maganar nauyin aljihu ne, farar riga da alƙalamin maka su ne mafi araha a cikin duk abin da aka lissafa. Uban da ya yi wa 'ya'ya biyu walimar sauka a shekara ɗaya, da anko da abinci da kuɗin allo da na shaida, ya san inda kuɗi ke tafiya, ko da yake ba kasafai ake jin wannan ƙorafi a kan mumbari ba.

Tsofaffin ɗalibai

Dawowar tsofaffin ɗalibai makarantarsu, wanda shi ne asalin bikin na Amurka, shi ma yana da gurbi a Zariya, amma na manya ne.

Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, tana da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai mafiya tasiri a ƙasar. Cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. A 2021 ne makarantar ta cika shekaru 100.

Kwalejin Alhudahuda da ita kanta Jami'ar Ahmadu Bello su ma suna da nasu ƙungiyoyin, kuma ya zama al'ada 'yan aji ɗaya su haɗu bayan shekaru ashirin ko talatin da rabuwa. A irin wannan taro ba a rataya fure ko ɗamara. Akan ɗinka shadda iri ɗaya, ko a buga hula mai tambarin makaranta, a zaga tsofaffin ɗakunan kwana, a yi wa malamai da abokan da suka rasu addu'a, sannan a yi karo-karo domin gyara aji ko haƙa rijiyar burtsatse.